Yadda Ake Tsara Shafin Intanet Don Mai Ƙaramar Waya Da Guntun Data

Bara, ana saura mako biyu Sallah, kawuna da ke sayar da shadda da atamfa a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, ya kira ni shago ya miƙo min wayarsa. Wani yaro ne ya gina masa shafin intanet ya karɓi kuɗinsa. A kwamfutar yaron abin gwanin sha'awa: bidiyo yana motsi a sama, hotuna suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, har da kiɗa. Kawu ya ce, "Ɗana, wata huɗu ke nan ko yadi ɗaya ban sayar ta nan ba. Duba min, ko sammu aka yi wa abin." Na danna adireshin muka zuba wa farin allo ido. Kafin hoton farko ya fito, wata Hajiya ta shigo ta taya turmin atamfa, sun daidaita, ta biya ta tafi.

Na ce, "Kawu, ba sammu ba ne. An ɗinka rigar ne da awon tela, ba da awon mai sawa ba." Ga matakan da muka bi muka gyara, kuma su nake bi duk sanda aka ba ni irin wannan aiki, ko na shago ne, ko na makaranta, ko na masauki.

Da farko, ajiye kwamfuta ka ɗauki takarda

Tambayi mai shafin su wa ke sayen kayansa, kuma me suke tambaya idan sun kira shi. Kada ka tambaye shi abin da yake so a sa, domin zai ce maka hotonsa da tarihin kakansa. Kawu ya lissafa min: mata masu haɗa lefe a cikin gari, 'yan sari daga Marwa da Kuseri, da 'yan uwa mazauna Yawunde da Duwala masu aiko da saƙo a saya wa na gida. Tambayoyinsu kuwa ba su wuce uku ba: wane kaya ne a ƙasa, nawa ne, ta yaya zai iso hannuna? Rubuta amsar da ka samu a saman takarda. Duk abin da ba ya amsa ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi, ko dai ya koma can ƙasan shafi ko a bar shi.

Daga nan ka yanki takarda daidai faɗin waya, ka zana shafin farko da biro. Abin da zai fara bayyana kafin mutum ya ja allo sama shi ne bakin rumfarka. Ɗan kasuwa ba ya ɓoye kaya masu kyau a bayan kanta, haka nan ma: sunan shago, layi ɗaya da ke faɗin abin da ake sayarwa da garin da ake, hoto ɗaya, sai maɓallin kira ko na WhatsApp. Jerin sassan shafin kada ya wuce huɗu ko biyar, kuma a kira kowanne da sunan da mutane suka sani, kamar Kaya, Farashi, Inda Muke, Yi Mana Magana.

Dalilin farawa da awon waya shi ne da ita mutanenmu suke shiga intanet. Tun 2010 wani mai tsara shafuka a Amurka, Ethan Marcotte, ya yayata dabarar gina shafi ɗaya da ke miƙewa ko tsukewa gwargwadon allon da aka buɗe shi, kuma daga 2018 Google ya fara auna shafuka da yadda suke a waya. In da WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet, za ka yi aiki, zaɓi samfurin da ke da wannan hali, ka buɗe shi a wayarka kafin ka amince da shi.

Nauyi: nan ne yawancin shafukanmu suke mutuwa

Ka tuna wanda zai buɗe shafin. Yana kan babur ko yana tsaye a tasha, rezo yana zuwa yana ɗaukewa, datar da ya saya ta kwana ɗaya ce kuma yana lissafinta kamar yadda uwargida ke lissafin mudun gero. Hoton da wayar zamani ke ɗauka yakan kai megabait 3 zuwa 5. A shafin kawu na ƙirga hotuna 20 da aka ɗora yadda suka fito daga waya. In ka ɗauki kowanne a megabait 4, megabait 80 ke nan mutum zai ƙona don kawai ya ga kalar shadda. Wa zai dawo?

Ga yadda ake yi wa kowane hoto. Ka shiga Squoosh, wani shafi ne na kyauta da Google ya samar, ka ɗora hoton. Ka rage faɗinsa zuwa fiksel 800, ko 1200 in shi ne babban hoton sama. Ka zaɓi nau'in WebP, ka riƙa ja da ma'aunin inganci baya kana kallon hoton har ka ga ya fara dusashewa, sai ka ɗan dawo da shi. Yawanci zai tsaya tsakanin kilobait 80 da 150, ido kuwa ba zai ga bambanci a waya ba. Ga mai sayar da yadi akwai ƙarin abu ɗaya: a ɗauki hoton a hasken rana da safe, a inuwa, domin fitilar shago tana mayar da ruwan toka ya koma shuɗi, rigima kuma ta biyo baya idan kaya ya isa Kuseri.

Bayan hotuna, cire bidiyon da ke tashi da kansa. In dole ne a sa bidiyo, a bar shi sai wanda ya so ya danna. Cire kiɗa gaba ɗaya. Mutum na iya buɗe shafinka a zauren makoki ko a harabar masallaci. Cire hotuna masu zagayawa da kansu, domin kafin mutum ya gama karanta na farko ya wuce. Salon haruffa ɗaya ya isa, biyu in an matsa, tun da kowanne sai waya ta sauke shi. A WordPress kuma ka duba ƙananan manhajojin da aka liƙa, duk wadda ba ka san aikinta ba ka kashe ta ka ga ko wani abu ya lalace. Sannan ka kunna tsarin da ke hana hotunan ƙasa saukowa sai mai karatu ya gangaro kusa da su.

Idan ka gama, sa adireshin a PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin buɗewar shafuka, ka dubi sakamakon waya, ba na kwamfuta ba. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Masanin sauƙin amfani da shafukan intanet Jakob Nielsen ya daɗe da bayyana cewa jiran da bai wuce daƙiƙa 1 ba ba ya katse tunanin mutum, amma in ya kai daƙiƙa 10 hankalinsa ya tafi wani wuri. Ni dai ban cika damuwa da makin da na'urar ke bayarwa ba. Na fi yarda da in tsaya a bakin gadar Binuwai da tsohuwar waya in buɗe da kaina.

Rubutu, launi da wurin dannawa

A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, hasken rana kuma ya kan shanye allon waya. Rubutu mai ruwan toka a kan fari, wanda masu zane suke ƙauna, ɓacewa yake yi ɗungurungum. Ƙungiyar W3C mai shimfiɗa ƙa'idojin intanet ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1, kuma akwai shafukan kyauta da za ka sa launuka biyu su faɗa maka ko sun cika. In ba ka son wahala, baƙi a kan fari bai taɓa ba kowa kunya ba. Girman haruffa kada ya gaza fiksel 16. Alhazan da ke riƙe da kuɗin sari da yawansu sun haura hamsin, tabarau kuma yana aljihun wata rigar.

Maɓalli ya zama wanda babban yatsa zai danna ba tare da ya taɓa na kusa da shi ba. Apple ya ba da awon kusan fiksel 44, Google ya ba da 48, tsawo da faɗi. Ka bar tazara tsakaninsu, ka rubuta a kan kowanne abin da zai faru in an danna shi: "Kira mu", "Aiko saƙo ta WhatsApp", "Duba farashi". "Danna nan" ba ta faɗa wa kowa komai. Kuma kada ka dogara da launi kaɗai wajen isar da saƙo, domin akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore, galibinsu maza. In kaya ya ƙare, rubuta "Ya ƙare".

Sakin layi gajeru, muhimmin abu a farkon jimla. Mutane ba sa karanta shafi kamar wasiƙa, ido suke wurgawa suna neman abin da ya kawo su.

Da wane harshe?

Wannan tambaya ta fi nauyi a wajenmu fiye da Kano ko Zinder. A rumfa ɗaya a Garwa za ka ji Fulatanci da Hausa da Faransanci, in ka gangara Kuseri ka ƙetare gadar Ngeli zuwa Ndjamena Larabci ya karɓe kasuwa. Koma kan takardarka ta farko. Kawu ya zaɓi Faransanci da Hausa, domin da su masu sayensa suka fi karatu a waya, ko da Fulatanci suke ciniki da baki. Kowane harshe ya samu shafinsa cikakke. Kada a cakuɗa layi ɗaya Hausa layi ɗaya Faransanci. Wurin sauya harshe ya kasance a sama, a rubuta sunan kowane harshe da harshen kansa. Kada ka sa tuta. Tutar wace ƙasa ce ta Hausa?

Fassarar na'ura ka ɗauke ta a matsayin ɗanyen aiki, ka ba wanda ya iya harshen ya gyara. Na taɓa ganin shafin da ya mayar da turmin atamfa turmin daka a Faransanci.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ ga masu rubutun Nijar da masu Fulatanci. Ka tabbata an saita shafin a kan UTF-8, tsarin da ke sa na'ura ta gane haruffan harsuna daban-daban, sannan ka gwada salon haruffan da ka zaɓa da jimla irin "ƙaramin ɗaki ya ɓaci". In ka ga akwati a maimakon harafi, ko harafin ya fito da wata siffa dabam da 'yan uwansa, sauya salo. Noto Sans na Google yana ɗauke da su duka. Ba ƙaramin abu ba ne, domin kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, haka baki da baƙi. Wanda zai sa Larabci kuma ya tuna daga dama yake farawa, dole a saita shafin ya juya gaba ɗaya, har da jerin sassa.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare: a tsara takardar talla mai ɗauke da farashi da lambar waya, a ɗora ta a matsayin hoto. Google ba ya karanta ta yadda yake karanta rubutu, ba a iya kwafe lambar, manhajar da ke karanta wa makafi allo ba ta ganin komai, in rezo ya yi rauni kuma hoton ba ya fitowa. Rubutu ya zauna a matsayin rubutu, kowane hoto kuma a yi masa ɗan bayani a gurbin da aka tanada, misali "shadda fara, yadi biyar".

Farashi, lamba da kwatance

A nan muka yi doguwar muhawara da kawu. Ya ce, "In na rubuta farashi maƙwabcina zai gani ya karya." Na ce, "Ranka ya daɗe, maƙwabcinka ya riga ya sani, yaronsa kullum yana nan. Wanda bai sani ba shi ne mai saye a Duwala." Muka tsaya a kan rubuta "daga sefa kaza", ciniki kuma ya ƙarasa a waya. Ka rubuta kuɗin da lamba, ka sa F CFA a gefe a fili. Mai karatu daga Yola ko Mubi zai iya ɗauka naira ce, a kasuwannin Chadi kuma da riyal ake ƙirge da baki, riyal ɗaya sefa 5, don haka lamba tsirara tana iya haifar da saɓani. Ka sa ranar da aka sabunta farashin.

Lambar waya ta zo da lambar ƙasa, 237 ga Kamaru, 235 ga Chadi, kuma a saita ta yadda dannawa ɗaya zai buga kira. Na WhatsApp kuwa, ka rubuta wa.me/ sai lambar ƙasa da lambar wayar a haɗe, babu alamar tarawa, babu tazara. Ana iya haɗa shi da saƙon da aka riga aka rubuta, ta yadda mai danna maɓallin da ke ƙarƙashin wata shadda zai tarar da sunanta a cikin saƙon, ba sai an yi ta "wacce kike nufi, Hajiya?" ba.

Adireshi kuma a rubuta shi yadda za ka yi wa ɗan acaɓa kwatance: unguwa, Yelwa ce ko Rumde Ajiya ko Domayo a Marwa, sai ta wace ƙofar kasuwa, kusa da me, layi na nawa. Ƙara hoton gaban shagon. Taswirar Google tana da nauyi in an dasa ta cikin shafi, gara ka sa mahaɗin da zai buɗe ta ga mai so. Lokutan buɗewa su fito, har da cewa ana rufewa lokacin sallar Juma'a.

In akwai fom

Kowane gurbi da ka ƙara, ka kori wani. Suna, lambar waya, gari, abin da ake so: sun isa. Kada ka tilasta imel, da yawa daga masu sayenka an buɗe musu shi ne ranar da suka sayi waya kuma ba su sake leƙa shi ba. Kada ka ce sai mutum ya yi rajista kafin ya ga kaya. Gurbin lamba a saita shi ya fito da madannan lambobi. Sunan kowane gurbi ya zauna a samansa, kada ya ɓace da zarar an fara rubutu. In mutum ya yi kuskure, a faɗa masa da harshen mutane a daidai wurin: "Lambar Kamaru tara ce, kin rubuta takwas." Abin da ya riga ya cike kuma kada ya goge. Bayan ya aika, ya ga tabbaci a fili cewa saƙo ya isa, da lokacin da za a kira shi.

Wajen biya, faɗi hanyoyin da kake karɓa, Orange Money ko MTN MoMo a Kamaru, Airtel Money ko Moov Money a Chadi, ka kuma rubuta sunan da zai bayyana idan an tura kuɗin, domin mutane sun sha hannun 'yan damfara. Bayyana yadda kaya ke tafiya: ta motar fasinja zuwa Marwa, ko ta Ngaundere a bi jirgin ƙasa zuwa Yawunde, kwana nawa, kuma wa ke biyan kuɗin aike.

Suna da kwaɗo

Sunan shafi ya zama gajere, wanda za ka faɗa a waya a rubuta daidai ba tare da maimaici ba. Na Kamaru yana ƙarewa da .cm, hukumar ANTIC ce ke kula da shi, na Chadi .td. Mai .cm ya sani cewa hannun mutane ya saba da .com, don haka ya riƙa jaddadawa a kati da allon shago. A yi rajistar sunan da sunan mai shago da imel ɗinsa, ba na yaron da ya gina ba. Kawu sai da muka yi mako uku muna neman wancan yaron kafin mu karɓo kalmar sirri. Sannan a kunna HTTPS, wato kwaɗon da ke kulle bayanan da ke wucewa tsakanin waya da shafin. Tun Yulin 2018 burauzar Chrome take yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro, takardar shaidar HTTPS ɗin kuwa kyauta ce daga Let's Encrypt, yawancin kamfanonin da ke ba shafi masauki da dannawa ɗaya suke kunna ta.

Gwaji da mutane biyar

Mai gini ba ya ganin aibin gininsa, domin ya san inda ya ajiye komai. A shekarar 2000 Nielsen ya nuna cewa gwaji da mutum biyar kacal yakan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi. Ba ka buƙatar ofis. Nemi biyar masu kama da masu sayenka na gaskiya. Mu mun samu wata gwaggo mai haɗa lefe, da ɗan sari, da tela, da wata ɗalibar jami'a, da wani dattijo maƙwabcin kawu. Kowa ya yi da wayarsa da datarsa, ka mayar masa da kuɗin datar.

Kada ka tambaye su ko shafin ya yi kyau. Kunya ba za ta bar Bahaushe ko Bafulatani ya kushe aikinka a gabanka ba, "Ma sha Allah" za ka ji. Ba su aiki: "Gwaggo, ki nemo min farashin farar shadda yadi goma, ki aika wa shagon saƙo." Ka ce musu shafin ake gwadawa, ba su ba. Daga nan ka kama bakinka. Wannan shi ne mafi wuya, hannunka zai yi ta ƙaiƙayin nuna musu wurin. Ka dai rubuta inda suka tsaya, inda suka danna abin da ba ya dannuwa, inda suka koma baya, inda suka kai wayar kusa da ido.

A namu gwajin, uku cikin biyar ba su san cewa layuka ukun nan da ke kusurwar sama jerin sassa suke buɗewa ba. Muka rubuta "Sassa" a gefensu. Dattijon ya yi ta danna hoton shadda yana jiran ya girma, mu kuwa ba mu saita hakan ba, muka saita. Gwaggo ta gama komai sannan ta ce, "To ɗana, ina aka rubuta ko ana canzawa in kala ba ta yi ba?" Babu wanda ya yi tunanin wannan a cikinmu. Gyara abin da ya tare mutum biyu ko fiye, ka sake nemo wasu biyar dabam.

Bayan an buɗe

Sa rana ɗaya a wata, mu mun zaɓi Asabar ta farko. A cire kayan da suka ƙare, a gyara farashi, a danna kowane maɓalli a ga yana aiki, a kira lambar da ke shafin a ji ko tana shiga, a sabunta WordPress bayan an adana kwafin shafin. Duk wanda ya kira, yaron shago ya tambaye shi inda ya samu lambar, ya ja layi a bayan littafin bashi. Da wannan kawu yake sanin ko shafin yana kawo ciniki. Ranar da rajistar suna da kuɗin masauki za su ƙare kuma a rubuta ta a bangon shago kusa da kalanda, a sa ƙararrawa a waya wata guda kafin ta cika.